Ra'ayinmu: Mu Kai Ɗalibai Kasuwar Birni

Duk malamin da ke koyarwa a makarantun firamare na cikin ganuwar Zariya ya san abu biyu game da babbar kasuwar birni. Na farko, tafiyar ƙafa ce tsakaninta da yawancin makarantunmu, musamman na Kwarbai da Iya da Juma da Kaura. Na biyu, wasu daga cikin sunayen da muke kira a rajista da safe a yi shiru, masu su suna can, ɗauke da farantin talla, ko durƙushe gaban bahon wanke-wanke a rumfar mai abinci. Duk da wannan kusanci, da wuya ka ji makarantar da ta shirya ta kai ɗalibanta kasuwar domin karatu. Da an ce ziyarar ƙaro ilimi sai hankalinmu ya tafi Kaduna ko Kano, ga kuɗin mota, ga fargabar hanya, daga ƙarshe a fasa. Ra'ayin wannan mujalla shi ne lokaci ya yi da kowace makaranta a reshenmu za ta sa ziyarar kasuwar birni da rumfunan abincinta cikin tsarin aikinta, sau ɗaya a kowane zangon karatu, ga 'yan aji huɗu zuwa shida.

Dalilinmu na farko na karatu ne, na biyu kuwa ya shafi yaran da muke rasawa. In an duba da kyau, igiya ɗaya ce ta ɗaure dalilan biyu. Makaranta da kasuwa yara ɗaya suke rabawa a tsakaninsu, kuma muddin malami bai taka ya je inda ɗalibarsa take yini ba, zai daɗe yana koyar da rabin aji.

Mu fara da Tarihi, darasin da aka taɓa cirewa daga manhaja, aka kuma dawo da shi bayan an ga illar rashinsa. Muna koya wa yara cewa Zazzau na cikin Hausa Bakwai, muna ambata musu Bakwa Turunku da Sarauniya Amina, muna sa su haddace sunayen ƙofofi: Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Jatau, Ƙofar Galadima da sauransu. Abin da ba mu cika faɗa musu ba shi ne aikin ƙofofin nan a lokacin zaman lafiya. An gina ganuwa saboda yaƙi, amma yaƙi na ɗan lokaci ne. Abin da ke shigowa ta ƙofa kowace safiya shi ne jakuna da kayan hatsi, da matan Fulani da ƙoren nono, da fatake masu kanwa da gishiri daga arewa da gabas, da masu goro daga Gwanja. Dukansu kasuwa suka nufa. Zazzau tana gefen kudu na ƙasar Hausa, saboda haka ta zama mahaɗa tsakanin 'yan kasuwar Kano da Katsina da Borno da mutanen ƙasashen Nufe da Gwari. Baturen nan mai yawon buɗe ido, Clapperton, ya biyo ta Zariya a 1826 ya tarar da birni mai cike da baƙi. Akwai kuma ɓangaren tarihin da ba shi da daɗin ji, wato cinikin bayi, wanda ƙasar Zazzau ta yi ƙaurin suna a kansa a ƙarni na 19. Ɗan aji shida ya isa a gaya masa wannan, ya san cewa an taɓa sa wa ɗan Adam farashi, kuma an daina.

Malamin da ya taso da yaransa daga Kwarbai zai iya biyowa ta ƙofar fada, ya tsaya ya nuna musu wurin Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Rushewar wani sashe na masallacin a watan Agusta na 2023, da rayukan da aka rasa, ta tuna mana cewa abin tarihi ba ya jiran sai mun shirya. In sun isa kasuwa kuma, akwai tambayar da za ta buɗe wa yara ido: me ya sa manyan kantuna da dilolin kayan masarufi suka fi yawa a Sabon Gari, alhali kasuwar birni ta girme ta nesa ba kusa ba? Amsar tana ga layin dogo. Da jirgin ƙasa ya ratsa Zariya zuwa Kano a 1911, an kafa tasha a wajen ganuwa, baƙi da kamfanonin Turawa suka zauna kusa da ita, babban ciniki ya bi su. Kasuwar birni ta riƙe abin da ya fi kusa da rayuwar gida: hatsi, kayan miya, nama, tufafin da maɗinkan Zazzau suka yi suna a kansu, kayan aure, da dafaffen abinci. Yaron da ya fahimci wannan ya fahimci yadda hanya ke ɗaga gari ko ta bar shi a baya.

Ko kuɗin da ake ciniki da shi ma darasi ne. Kakannin kakanninmu da wuri suka yi saye da sayarwa, suna ƙirga zangu da zambar, har zuwa keso mai wuri dubu ashirin. Turawa suka kawo anini da kwabo da sisi da sule da fam. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara fitarwa a 1939 Abubakar Imam yana editanta, sunanta ma yana ɗauke da kuɗin da ake sayenta. A ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam. A farkon 2023 kuma, lokacin ƙarancin takardun kuɗi, har mai koko sai da ta koyi karɓar taransfa. A cikin kasuwar nan akwai dattawan da suka yi ciniki da sule da hannunsu. Minti goma a gaban ɗayansu ya fi shafi biyar na bayanin da muka kwafa a allo, domin gani ya kori ji.

Lissafi kuwa, a rumfar mai ƙosai yake zaune. Dukanmu mun san yarinyar da ke kasa raba 140 gida bakwai a takarda, amma in aka miƙa mata naira dubu a kan cinikin ɗari uku da hamsin, kafin ka ƙifta ido ta ba da canji daidai. Wannan yarinya ta iya lissafi. Abin da ya rage shi ne a haɗa mata wanda ke kanta da wanda ke allo. Ga misali irin wanda malami zai iya ginawa daga farashin da yara suka jiyo da kunnensu. A ce mai ƙosai ta sayi wake na naira 3,000, man gyaɗa na 2,500, tattasai da albasa da gishiri na 700, itace na 500, ta biya niƙa 300. Jarinta ya kama 7,000. In tana sayar da ƙosai ɗaya naira 50, guda nawa za ta sayar kafin ta mai da uwar kuɗinta? In ta soya 180, goma suka tafi a gyara, nawa ce ribarta? A cikin wannan tambaya guda akwai tarawa, da ɗebewa, da sau, da rabawa. A layin 'yan hatsi kuma yara za su auna da kansu su ga gwangwani nawa ke cika mudu, mudu nawa ke cika tiya, su kuma gane dalilin da ya sa ma'auni ke bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, da dalilin da ya sa aka ƙirƙiro kilo da lita. In aji ya riƙa rubuta farashin tiyar masara da ta wake a kowace ziyara, kafin shekara ta zagayo suna da jadawalin da zai nuna musu saukar farashi da kaka da hawansa da bazara.

Kimiyya ma tana nan a kan murhu. Mai waina tana jiƙa shinkafa, ta niƙa, ta bar ƙullun ya kwana ya tashi kafin ta zuba a tanda. Abin da ya tayar da shi ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, irinsu ne kuma ke mai da madara nono, su tsamar da kamun koko, su mai da dafaffiyar kalwa daddawa bayan an rufe ta kwanaki. Mai awara tana tafasa ruwan waken suya da ta tace, ta zuba ruwan tsami, nan take ya dunƙule. Mai ƙosai tana buga ƙullu domin iska ta shiga, shi ya sa yake tasowa saman mai. Mai ɗanwake ta san aikin kuka da na kanwa a cikin kwaɓinta. Waɗannan mata ba su san sunayen da littafi ya ba abubuwan nan ba, amma sun san yadda suke aiki, sun kuma san abin da ke faruwa in an yi kuskure. A nan ne yaro zai rarrabe abinci mai gina jiki, kamar wake da gyaɗa da nono, da mai ba da ƙarfi, kamar tuwo da fate da dambu, da mai kare jiki, kamar zogale da rama da alayyahu. A nan ne za a nuna masa gishiri mai sinadarin aidin, a gaya masa cewa shi ke hana maƙoƙo. In aka tambayi masu kaya daga ina kayansu suka fito, sai taswirar jihar Kaduna ta shimfiɗu a gaban yara: masara daga Saminaka da Giwa da Soba, rake da mazarƙwaila daga Makarfi, citta daga Kachiya, kayan lambu daga fadamun Galma. Har ma a gaya musu cewa wasu irin masara da wake da gyaɗa da manomanmu ke shukawa a nan Samaru aka samar da su, a cibiyar binciken aikin gona da tushenta ya faro tun 1922.

Batun tsafta yana buƙatar hikima. Ba za mu kai yara rumfar uwar wani su tsaya suna nuna ƙuda da yatsa ba. Amma za mu iya ba su tambayoyi su amsa a zuci su rubuta: an rufe abincin? Da wane ruwa ake wanke kwano? Akwai wurin wanke hannu? A aji sai a tattauna. A 2021 cutar kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma ta ruwa da abinci take bi. Yara za su gano da kansu wani abin da masu wa'azin tsafta kan manta, wato yawancin masu abincin nan sayen ruwa suke yi jarka-jarka daga 'yan ga-ruwa. Duk lokacin da mai tuwo ta zubar da ruwan wanke-wanke ta canza sabo, daga ribarta ta cire. Wanda ya gane haka zai san cewa rigakafin kwalara a birnin nan ya haɗa da samun ruwan famfo a kasuwa, kuma wannan ya wuce ƙarfin mai rumfa.

Ga malamin Hausa, kasuwa rumbun kalmomi ce. Yaran yanzu da yawa ba su san madambaci ba, ba su san maburgi ko ƙoshiya ko akushi ba, ba su san bambancin tsire da balangu da kilishi ta fuskar aiki ba, balle su san tukuba. Ba su san ladabin ciniki ba: yadda ake tayi, yadda mai kaya ke cewa albarka in tayin bai kai ba, yadda ake sallamawa, da matsayin dillali da la'adarsa. Ba su san cewa mahauta suna da sarkinsu, kasuwa ma tana da nata, kuma akwai hanyar sasanta rigima tun kafin a kai ga hukuma. Insha'in da yaro zai rubuta a kan yadda ake yin waina, bayan ya tsaya ya gani ya yi tambaya, zai fi wanda ya kwafa a kan wurin da bai taɓa zuwa ba.

To, mu zo ga dalili na biyu, wanda shi ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya daɗe yana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa firamare a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. Wannan adadi bai ma haɗa da waɗanda sunansu ke rajista jikinsu ke kasuwa ba: mai zuwa Litinin ta ɓace Talata, mai isowa ƙarfe goma bayan ta ƙarar da koko, mai gyangyaɗi a benci saboda tun asuba take tsaye. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma tilas ne, ta kuma ɗora wa iyaye alhakin kai 'ya'yansu. Doka ta yi daidai. Sai dai doka ba ta ɗora tukunya.

Ya kamata mu fahimci talla kafin mu yi maganarta. A gidajen birni da yawa matar aure ba ta fita kasuwa. Tana sana'arta a cikin gida, yarinya ce ƙafarta, ita ke sayo kaya, ita ke kai wa masu saye, ita ke dawo da ciniki. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi nazarin tattalin arzikin Hausawan ƙasar Zazzau wajen 1950, ya tarar da wannan tsari, haka ma Enid Schildkrout da ta yi nazarin tallar yara a Kano a shekarun 1970. Kuɗin talla shi ke zubin adashi, shi ke tara kayan ɗaki, kuma a gidaje da dama yau shi ne cefane. Rumfunan abinci na kasuwa kuwa galibi dattawan mata ne da zawarawa ke riƙe da su, suna ɗaukar 'yan mata aikin wanke-wanke da miƙa kwano. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuma hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, wannan ɗan ciniki ya zama abin da ke tsakanin iyali da kwana da yunwa. Mu kanmu malamai mun san haka, domin gidajenmu nawa ne ake yin awara ko zoɓo ko kunun aya don a cike giɓin albashi? Mu koma ga lissafin mai ƙosai na ɗazu. Ribarta naira 1,500 ce. In ta ɗauki babba aiki ya maye gurbin 'yarta, me zai rage mata? Wannan ita ce tambayar da uwa ke yi wa kanta duk safiya, kuma wanda bai da amsarta ba shi da bakin zarginta.

Abin da ziyarar za ta canza shi ne yadda ake haɗuwa. A yanzu uwa ba ta jin muryar makaranta sai in an aiko a kira ta, ko an koro yarinya saboda makara. In malami ya zo rumfa da yaransa, ya yi sallama, ya gaida mai abinci da girmamawa, ya ce, Inna, mun zo ki koya mana yadda ake wannan aiki, to ya ba ta matsayin da ta cancanta, ya kuma buɗe ƙofar da takardar gargaɗi ba za ta taɓa buɗewa ba. Bayan wannan ne zai iya komawa shi kaɗai, ko tare da wata malama da wakilin kwamitin makaranta, a zauna a yi maganar gaskiya. Ba za a ce a daina talla gobe ba, domin ba za a ji ba. Abin da za a nema shi ne safiya ta zama ta makaranta. Tallar koko da ƙosai ta ƙare kafin a buga ƙararrawa. Abin da za a iya ɗagawa zuwa bayan tashi a ɗaga shi. A raba aikin tsakanin yaran gida, maza da mata, kada ya tare a kan yarinya ɗaya. A makon jarrabawa a ɗaga mata ƙafa gaba ɗaya. A daina tura ƙananan 'yan mata tasha da gareji da tallar dare, inda kowa ya san haɗarin da ke jiransu. Waɗannan buƙatu ne da uwa za ta iya amsawa ba tare da tukunyarta ta huce ba. Ita kuma yarinyar da ke talla, a ranar ziyara a sa ta gaban rukuninta, ita ce mai nuna hanya, ita ce mai bayanin farashi. Yarinyar da aka saba yi wa dariya don ta makara za ta ga cewa abin da ta sani yana da daraja a idon malaminta.

Mun san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Wasu za su ce tsaro. Bayan sace ɗaliban Kuriga a watan Maris na 2024, babu uban da zai ji an ce za a fita da ɗansa daga makaranta gabansa bai faɗi ba. Amsarmu ita ce wannan tafiya a cikin ganuwa take, da ƙafa, da rana tsaka, a tsakiyar iyaye da maƙwabtan yaran, ta hanyar da yawancinsu ke bi kullum ba tare da babba ba. Wasu za su ce cunkoson aji, malami ɗaya da yara fiye da yadda zai iya ƙirgawa da ido. Gaskiya ne, shi ya sa ba a ɗaukar aji gaba ɗaya. Wasu za su ce yaran birni ai sun san kasuwa. Sun san hanyarta, amma ba a taɓa sa su tsaya su tambayi dalilin abin da suke gani ba. Wasu kuma za su ce manhaja ta yi yawa, lokaci ya yi kaɗan. Hantsi ɗaya a zango ne muke magana, kuma abin da za a samo zai ciyar da darussan Lissafi da Kimiyya da Hausa da Tarihi na makonni.

Domin kada maganar ta tsaya a fatar baki, ga tsarin da muke ba da shawara. Hedimasta ya nemi izinin Sakataren Ilimi a rubuce, ya sanar da kwamitin makaranta da iyaye tun da mako biyu. Kafin ranar, malamai biyu su je su gaida mai unguwa da Sarkin Kasuwa, su zaɓi rumfunan da masu su suka yarda, su tsayar da lokacin da ciniki bai yi zafi ba. A guji Juma'a da jajiberin salla. Kowane rukuni kada ya wuce yara goma sha biyar, da manya biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, a ƙirga su a fita, a ƙirga su a dawowa. Kowane yaro ya riƙe littafi da fensir da tambayoyi biyar da aka shirya a aji. A tsaya wuri huɗu kawai: 'yan hatsi, 'yan kayan miya, rumfar abinci, da wurin wani dattijo mai ba da tarihi. A tafi da sabulu da butar ruwa, a wanke hannu kafin a taɓa abinci, a ci mai zafi da aka sauke a gaban ido. Kada a ɗora wa iyaye ko kwabo. Abin da za a saya don yara su ɗanɗana, reshe da kwamitin makaranta su ɗauki nauyinsa, a kuma biya cikakken farashi, domin ba daidai ba ne mu cinye wa mace lokacinta mu kuma nemi ragi. Kada a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa. Bayan an dawo, malami ya rubuta sunayen ɗaliban makarantarsa da ya gani a kasuwa a lokacin aji, ya ajiye a wurinsa don bibiya cikin sirri, ba don karantawa a taron safe ba.

Akwai kuma abin da ya rage ga hukuma, wanda reshenmu ya kamata ya ci gaba da nema da murya ɗaya. A watan Janairu na 2016 gwamnatin jihar Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare, ta ɗauki matan unguwanni aikin dafawa. Duk wanda ke aji a lokacin ya ga yadda makarantu suka cika har benci ya kasa. An samu matsaloli, shirin kuma bai ɗore ba, amma ya nuna abu ɗaya a fili: in uwa ta samu kasuwar abincinta a cikin makaranta, yaro kuma ya samu abin kai wa baki a can, dalilin talla da safe ya ragu ta fuska biyu. A ƙasar Barazil, a 2009 doka ta wajabta a kashe aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ciyar da ɗalibai wajen sayen amfanin ƙananan manoma, don kuɗin ya zauna a inda yaran suke. Muna kira da a farfaɗo da ciyarwa a makarantunmu bisa tsari mai ɗorewa, a ba matan da ke da yara a makarantar fifiko wajen dafawa, a biya su a kan kari, a kuma bar malami da aikin koyarwa. Muna kira ga ƙaramar hukuma ta samar da ruwa da makewayi a ɓangaren masu abinci na kasuwar birni, domin harajin rumfa da ake karɓa ya kamata a ga amfaninsa.

'Yan uwa malamai, ba sai mun jira wannan ba kafin mu yi namu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kowace makaranta tana da malamai biyu da za su iya fara wannan a zangon da muke ciki. Iyalanmu da ke karanta wannan shafi, musamman iyayenmu mata masu sana'a, muna roƙon ku karɓi yaran nan in sun yi muku sallama, ku amsa tambayoyinsu, ku kuma saurari malaminsu in ya dawo da tasa buƙatar. Makarantar da ta yi ziyarar ta aiko mana da rahoton shafi ɗaya: yara nawa suka je, me suka koyo, wace matsala aka samu, da kuma ɗalibai nawa suka dawo zuwa aji a kan lokaci bayan an zauna da iyayensu. Za mu buga rahotannin a fitowa ta gaba, tare da insha'i uku mafiya kyau da yara suka rubuta. Allah ya yi mana jagora, ya sa albarka a cikin yaranmu.